Jinjirin Wata a Matsamin Ƙosai

Tunda na auri Malam Inusa ban taɓa ganin jinjirin watan Sallah da idona ba. Kowace shekara sai ya nuna yamma da yatsa ya ce, "Ga shi can, Lubabatu!" In ƙura ido har ya kawo ruwa ban ga komai ba, shi kuwa ya yi ta dariya.

Ran da aka yi husufin rana ina suyar ƙosai a kasuwar Ƙofa. Da hantsi gari ya yi dishi-dishi. Na ɗaga matsami, sai ga inuwarsa a ƙasa, kowace huda da ɗan jinjirin wata a ciki!

'Yata Zulaihat ta ce, "Inna, wata ne ya tare gefen rana, hudojin ke zana ragowarta."

Wa ya tsaya saurarenta? Na kwasa a guje da matsamina ina rangaɗa guɗa, na tari Malam a hanyar masallaci.

"Malam, kai guda ɗaya tal kake gani, shi ma da ƙyar! Zo ka ga nawa!"

Ƙosai ya ƙone ƙurmus. Ya daɗe bai ƙone ba!