Ludayi a Hannun Hagu

Ranar da ƙungiyar Hausawan Treichville ta ba ni aikin, sai da na taka rawa a shagona na Bromakoté, da girmana da komai. Ƙaton labulen bango suke so, na ƙyallaye haɗe-haɗe, mai ɗauke da magabatan da suka kafa mu a Abidjan, a rataya ranar taron shekara. Ni Zuhura, da ake cewa ban iya komai ba sai rage siket!

Malam Harouna, shugaban ƙungiyar, ya kafa sharaɗi: ban da fuska, ba ido ba hanci. To ta yaya za a gane mutum? Nan dabara ta faɗo min. Kowane gida ya kawo tsohuwar suturar kakansa, da ita za mu fitar da shi.

Kai, kaya suka yi ta zuwa a woro-woro, tasin haya na garin nan! Ga rigar dillalin da ya fara koro shanu da ƙafa daga arewa, ga rawanin malamin da ya buɗe makarantar allo a Williamsville. Amma tsakiyar labulen ta Inna Sakinatu ce, wadda ta yi shekaru tana tuƙa tuwo a bakin tashar jiragen ruwa, tana ciyar da duk baƙon da ya sauka ba tare da ta tambayi ɗan gidan wa ne ba. 'Yarta, Hajiya Halimatus Sa'adiyya, tsohuwa tukuf, da kanta ta kawo zanen saƙi baƙi.

"Shi kaɗai ya rage min nata, ko hoto babu," ta ce. "In za ki sa masa almakashi, 'yar nan, ki fito min da uwata."

Ƙanwata Ni'ima ce mai zane, haihuwar nan ce, da Faransanci take mafarki. Ta zana Inna a tsaye tana miƙa ludayi, ta kwafa a bayan saƙin, ni kuma na yi bisimilla na yanka. Muka yi ta ɗinki muna waƙa, maƙwabta na leƙowa suna tafi.

Ana gobe taro da hantsi muka ɗaga labulen, na ja da baya don in more kallo. Sai idona ya faɗa kan ludayin.

"Ni'ima! Da wane hannu take rabon tuwon?"

"Ai ya yi kyau, Yaya."

"Kyan me? Hagu ne! Hagu! Matar da ta ciyar da rabin garin nan za mu nuna tana ba baƙo abinci da hagu?"

Kwafar da ta yi ta baya ce ta juyar da hoton, ni ma da na yanka ban lura ba. Ga shi ragowar saƙin ko hula ba zai yi ba. Haushi ya cika ni, na zazzage mata faɗa har ta fara hawaye, sannan ta ce a hankali, "Yaya, saƙi ai ba shi da gaba da baya. Mu kifa ta mana."

Wayyo, kamar in goya ta! Muka farke, muka kifa, ludayi ya koma dama. Sai dai wani tsohon faci da ke bayan zanen, wanda muka yi murnar ɓoyewa a ciki, ya fito fili daidai ƙirji: guntun atamfa rawaya, an ɗinke shi da jan zare, ɗinki manya-manya a karkace. Babu yadda za a cire shi ba a bar rami ba. Haka muka bar shi.

A wurin taro Malam Harouna ya yaye mayafin da aka rufe labulen da shi, wuri ya kaure da guɗa da kabbara. Wannan na ihun ga Kaka, wancan na nuna rawani. Ni dai Hajiya nake kallo. Ta dogara sandarta har gaban labulen, ta ɗora yatsa a kan facin.

"Wa ya ce ki juya shi?"

Na durƙusa. "Hajiya, ki yi haƙuri, kuskure aka..."

"Ɗinkina ne na farko," ta ce. "Kowa ya yi min dariya, na roƙi Inna ta farke, ta ƙi. Da shi ta yi ta zuwa tasha. Tun da na ba ki zanen nake addu'ar kada almakashinki ya zubar da wajen nan, kunya ta hana ni faɗa."

Ta juya ga jama'a, hawaye na zuba, ta ɗaga sandar sama.

"Ku matso! Ku zo ku ga uwata!"