Jar Fitila a Shagon Tela

Tela ya zare filogin na'urar daga soket, ya ɗan jira kamar yadda aka ce masa, sannan ya mayar. 'Yar fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta koma ja.

"Ja ce har yanzu," ya gaya wa wayar da ya jingina da keken ɗinki.

A can ɗaya ɓangaren ɗansa na fari ne, wanda gidan kaf ke kira Injiniya, aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Shi ya haɗa kayan nan a zuwansa na ƙarshe. Babbar na'urar intanet tana falo, ƙaramar kuma a tagar shago, can ƙarshen tsakar gida. Ita ke cafko sabis ta iska daga babbar, ta miƙa wa akwatin gem ta igiyar waya. Gada, in ji Injiniya.

Duk Asabar da yamma suke buga ƙwallo a cikin gem ɗin, uba a shagonsa, ɗa a ɗakin haya. Tela bai taɓa cin wasa ba, bai kuma damu ba. Yaron ba mai magana ba ne. In ya kira, daga ina wuni sai a gai da Mama. A gem ne kawai Tela yake jin dariyarsa, shi ya sa ya koya wa yatsunsa wasan da girmansa.

Yau ga shi gadar ta karye.

Injiniya ya sa shi ya kifa na'urar ya karanto rubutun da ke gindinta. Tela ya sauko da tabarau bakin hanci, ya riƙa kawo haruffan ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kai da ke zira zare a allura ko kallo ba ka yi, rubutu ne zai kayar da kai?"

"Allura ba ta taɓa tambaya ta lambar sirri ba."

Lambar daidai take, sunan ma haka. Injiniya ya yi zargin ko na'urorin biyu sun ɗauki adireshi ɗaya suna rigima. Ya ce a nemo abu mai tsini a danna wani ɗan rami a bayanta, a sake saitin daga farko. Tela ya zaro fil daga wuyan rigarsa, ya ce ai an zo gidan tsini.

Sai dai kowane gyara yana da jira, na'urar ba ta farkawa da wuri. A jiran farko ƙarar fankar ɗakin ɗansa kawai Tela yake ji. A na biyu Injiniya ya ce mai gidan da yake haya ya gyara masa famfo. A na uku ya kawo labarin shugabansu a ofis, wanda ke barci a taro ya farka ya ce bai amince ba. Tela bai katse shi ba. Ya jawo wata riga yana warware ɗinki, yana cewa "uhm" a inda ya dace.

Da aka shiga jira na gaba, muryar Injiniya ta yi ƙasa. Ya ce akwai wata a wurin aikinsu, a sashen lissafi take, ita ta raka shi asibiti lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Tela bai ma san an yi zazzaɓin ba. Ya ajiye rigar.

Daidai nan matarsa ta fito tsakar gida da kwando a hannu. Ta nufi igiyar shanya, ta janye ƙaton bargon da ta wanke, wanda ya tare tsakanin tagar falo da ta shago kamar katanga. Fitilar ta yi ƙyaf, ta koma kore.

Tela ya dubi fitilar, ya dubi bargon.

"Baba, ta canza? In ta yi kore mu shiga, har yanzu za mu samu wasa ɗaya."

"Dakata tukuna."

Ya leƙa ta taga, ya yi wa matarsa alama da hannu ta mayar. Ta tsaya tana kallon sa, ta taɓa bargon, ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ya kusa bushewa fa."

"Da saura," ya ce.

Ta girgiza kai, ta sake wurga shi kan igiya, ta ja gefensa ya baje. Fitilar ta ɗan yi gardama, sannan ta koma ja.

Tela ya gyara zama a kujerarsa, ya matso da wayar kusa.

"Ta sake komawa ja. Bari mu ba ta lokaci. Ka ce a sashen lissafi take?"