Ranar da Radmilo Ya Sayi Burek

A ofishinsu da ke hawa na biyu, bayan tashar motocin birnin Niš, akwai wata 'yar fitila a kan firji. Idan manhajar da suke kula da ita tana lafiya, kore take nunawa. Idan wani ya taɓa ta ya ɓata wani abu, gwaje-gwajen da aka rubuta mata za su kama shi nan take, fitilar ta koma ja. Dokar ofis kuwa ita ce mai laifin ya sauka ya sayo wa kowa burek, wani gasasshen fulawa mai cuku a ciki, da yogot. Matasan ofishin sun sayi burek har mai gidan burodin ya san kowannensu da suna. Radmilo, dattijon cikinsu, shi kaɗai ne bai taɓa saya ba, kuma ba ya gajiya da tuna musu.

Gaskiyar magana, ba tsabar gwaninta ce kaɗai ta kare shi ba. Tsohon ɓangaren manhajar, wanda ke tura wa masu ba da jini saƙon waya idan asibitocin yankin sun shiga buƙata, shi ya rubuta shi da yaren kwamfuta na PHP tun waɗannan yaran suna firamare, kuma ya hana a saka masa gwaji. In an yi masa maganar sai ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce ga gwajin nan. Fitila kuwa ba ta kama ɓarawo a inda ba a ajiye mai gadi ba.

To, goshin ne ya fara cin amanarsa. Da fari abin dariya ne, ya bar kofi a kan wuta, ya kira wannan da sunan wancan. Sai wata rana ya tsinci kansa a kan gadar kogin Nišava riƙe da jakar kasuwa, bai san ko gida zai nufa ko daga gida yake ba. Likita ya faɗa masa sunan ciwon mantuwar, ya ce ba ya komawa baya. Radmilo bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Tun da matarsa Smiljka ta rasu gidan ya zama ɗakuna kawai, kujerar nan ta kusa da taga ce ta rage masa, inda ake zuwa a ce masa čika Rade, kamar yadda yaro ke kiran kawunsa, a tambaye shi abin da babu wanda ya sani sai shi. Ya ƙudura zai riƙe kujerar ko da tsiya. Ya koyi yin shiru a taro yana gyaɗa kai, mutane suka ɗauka natsuwar manya ce.

Tijana, wadda shi ya koya wa aiki, yanzu kuma ita ke shugabantar su, ta roƙe shi ya share tarkacen tsohon ɓangaren kafin a kwashe shi zuwa sabuwar na'ura. Da safiyar wata Talata yana cikin sharar ya ci karo da wani layi da ke duba wata alama a jikin sunan mutum kafin a tura masa saƙo. Ya karanta, ya sake karantawa. Salon rubutun nasa ne, babu tantama, amma bai san abin da layin yake yi ba. Tambaya ɗaya ta isa, sai dai wa zai tambaya, shi da ake tambaya? Ya ce wa kansa ragowar wani tsohon aiki ne, ya goge, ya tura.

Fitilar ta koma ja.

Kowa a ofishin ya shiga leƙen nasa allon don ya ga ko shi ne. Sai Uroš, wanda ya fi kowa sayen burek a tarihin ofishin, ya miƙe a hankali kamar mai shirin jawabi.

"Čika Rade, ni nawa mai zafi nake so, kuma a haɗo da yogot biyu. Na daɗe ina jiran wannan rana."

Aka fashe da dariya. Radmilo ya ce musu fitilarsu ce ta haukace, ɓangarensa ba shi da gwaji ko ɗaya, su je su binciki shirmensu. Tijana ma tana dariya ta buɗe rahoton. Da ta ga gwajin da ya faɗi sai dariyar ta ɗauke. Ta ce wa sauran su fita baranda su sha tabarsu, da muryar da ba a yi mata gardama, sannan ta jawo kujera kusa da shi.

Gwajin ɗan gajere ne. Yana ƙirƙirar mai ba da jini na ƙarya, ya yi masa alamar ya rasu, ya tambayi manhajar wa za ta tura wa saƙo, yana jiran ta ce babu kowa. Yau ta ce akwai. Sunan da aka ba mutumin ƙaryar kuwa Smiljka.

Ran Radmilo ya ɓaci.

"Wane marar kunya ne ya sa sunan matata a nan?"

Tijana ta juyo masa da allon.

"Kai ne, čika Rade."

Ta nuna masa sunansa a gefen rubutun. Ta ba shi labarin a hankali, tana jira ya karɓe daga bakinta a ko'ina. Bayan addu'ar arba'in ta Smiljka, wayarta da ya kasa kashewa ta yi ƙara a kan teburin kicin, saƙo ne daga manhajarsa tana gode mata, tana roƙon ta zo ta ba da jini. Washegari ya iso ofis ko gemu bai aske ba, ya ƙara layin nan, ya kuma ce ta koya masa yadda ake rubuta gwajin da ya sha yi wa ba'a. Ya ce wannan abu guda ba zai amince wa kan kowa da shi ba, har da nasa. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa yaran ba, kada su raina shi.

Bai karɓe labarin ba. Ya laluba ko'ina a cikin kansa, ya tarar da Smiljka da jar rigar sanyinta, ya tarar da jana'izar da ruwan saman ranar, amma wayar da ta yi ƙara da safiyar da ya rubuta gwajin babu su, kamar an yanke da almakashi. Ya tuna mutane nawa ne a cikin manhajar da ke ɗauke da wannan alamar, da wayoyinsu da ke hannun matansu da 'ya'yansu daga nan har garin Pirot. Da ba don Radmilon wancan lokacin da ya zauna a kujerar nan ya rubuta gwajin ba, da kafin ƙarshen mako duk sun yi ƙara.

Tijana ta mayar da layin, fitilar ta koma kore. Ta ce masa a hankali kada ya damu, za ta ce kuskuren daga wajenta ne, ai gajiya tana sa kowa haka. Ya gane ta fahimci komai, kuma tana miƙa masa mayafi ne. In ya karɓa zai iya ƙara wata shida a kujerar, wataƙila shekara. Amma ragowar ɓangaren nasa duka babu mai gadi, layuka dubbai waɗanda dalilinsu ke cikin kansa kaɗai, kan kuma yana yoyo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kira ta da sunan da dattawan garin ke kiran ko da 'ya mace idan ƙauna ta motsa.

"A'a, ɗana. Ni na kunna jar fitilar, ni zan saya. Daga gobe ki zauna kusa da ni, ina faɗa kina rubuta wa kowane layi gwajinsa. Mu yi sauri, tun akwai abin faɗa."

Ya miƙe ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauki hula. Ta gilashin baranda Uroš ya ɗaga masa yatsu biyu don tunin yogot, yana washe baki. Gidan burodin bai wuce shan kwana sau biyu daga ƙofar ginin ba, ya bi hanyar sau babu adadi. Ya tsaya a bakin matakala, hannunsa a kan ƙarfen.

"Tijana, ɗauko rigar sanyinki ki raka ni," in ji shi, bai rage murya ba, har na baranda suka ji. "Ban tabbata zan gane hanyar dawowa ba."