Abin da Gishiri Bai Kashe Ba

Traian yana juya cukun tumaki a cikin gangar ruwan gishiri, a ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa, sai ga ƙanwarsa Sânziana ta sauko ko gaisuwa babu. A birnin Sibiu take aiki, a ɗakin gwajin abinci, ita ce kuma ta tafi da ɗan yankin cukun a duba kafin a kai kasuwa.

"A'a, 'yar birni! Yau ba a toshe hanci ba?"

Ba ta yi dariya ba. "Yaya, wa ya ci daga gangar nan?"

Mahaifiyarsu Floarea ta leƙo daga saman matakala. "Kowa ya ci. Me ya faru?"

"Akwai cuta a ciki, Inna. Listeriya."

"Cuta a ruwan gishirina? Ke, ƙwai kan yi iyo a kansa! Ga sanyi kamar kabari. Wace ƙwaya ce za ta rayu a nan?"

"Ai gishirin da sanyin su ke ta da ita," in ji Sânziana. "Akwai wani ɗan abu a cikinta, kamar mai gadi, barci yake. Da ta ji wuya sai ya farka, ya bi ƙwayoyin halittarta yana buɗe waɗanda ke rufe. Wannan na jure gishiri, wancan na jure tsamin cikin mutum, wani kuma na huda hanji. Ba kashe ta kike yi ba, Inna, horar da ita kike. Mu masu ƙarfi, wataƙila zawo ne kawai. Amma mai juna biyu..."

Nan Traian ya saki cukun da ke hannunsa. Matarsa Anuța tana da tsohon ciki, na fari, bayan dogon jira. Likita ya hana ta cukun ɗanyar madara, ta kuwa kiyaye. To amma a garinsu ba a barin mai ciki ta ga abinci ta haɗiyi yawu, an ce cikin kan zube. Ranar da aka buɗe gangar ta tsaya tana kallo, Floarea ta ce a ba ta. Shi ne da hannunsa ya yanka ya miƙa mata.

Ya haura da gudu. Ya tarar da ita a kan benci kusa da murhu, ta lulluɓa da bargo, ga shi rana ta take.

"Anuța, ya jikin?"

"Mura ce, sai ɗan ciwon baya. Me ya sa kake kallona haka?"

Ya taɓa goshinta, zafi rau. Ya sa tafinsa a kan cikin.

"Ya motsa yau?"

Ta yi ɗan tunani. "Jiya dai ya motsa."

A mota, kan hanyar asibiti, Floarea tana ta yin alamar gicciye tana cewa, "Ɗan yanki ne fa, ɗan ƙanƙane."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗora na'urar saurare a kan cikin. Sai shuuu kamar iska. Ta gusa da ita, shuuu. Traian ya riƙe ƙarfen gado har yatsunsa suka sage. Ta sake gusawa can ƙasa, sai ga wani ɗan bugu, dif-dif-dif, da sauri.

"Yana nan," in ji ta, ba tare da murmushi ba. "Amma bugun ya yi sauri. A kira likita, a sa mata ruwan magani yanzu. Malam, saki gadon nan mu wuce."