Ranar da Kafinta Ya Tafi Yajin Aiki

Tun cikin yana wata shida Tela ta raɗa wa ɗan da ke jikinta suna Kafinta, domin shi ba motsi yake yi ba, bugu yake. Da ta zauna gaban keken ɗinkinta ta fara takawa, sai shi ma ya buɗe shago: gum a haƙarƙari, gum a mara, har gaban rigarta ya riƙa tsalle. In ta tsaya zura zare a allura, ya tsaya. In ta ci gaba, ya ci gaba.

"Kin ga ma'aikaci," in ji mijinta Dogo, direban motar burodi. "Ni ya gado."

"Kai da sai an yayyafa maka ruwa kake tashi?"

Da cikin ya shiga wata tara, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi ta. Nas ɗin da ke mata awo ta ce ta rage zaman keke, ta riƙa ɗora ƙafa kan filo, ta sha ruwa sosai, ta kwanta ta gefen hagu. Ta ce kuma ta lura da motsin yaron, in ya ragu kada ta tsaya jira. Tela ta ce to. Tana dawowa gida ta hau keke.

Dogo ya yi magana har ya gaji. Gwaggonsa, wadda ta zo zaman jiran haihuwa, ita ma ta yi tata. Da suka ga sun zama gangar kurma, sai suka haɗa baki. Wata safiya kafin ya fita, Dogo ya cire bel ɗin keken ya cusa a aljihu.

Tela ta taka, ƙafa na tafiya, allura ko gezau. Ta leƙa ƙasa, ta ɗago ta dubi Gwaggo.

"Ni ban ga komai ba," in ji Gwaggo, tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

"Gwaggo, da girmanki da furfurarki kika yi wa ɓarawo gadi?"

"Hau gado, 'yar nan. Ƙafafun nan naki kamar turmi biyu."

Ta hau, tana mita. Barci mai daɗi ya kwashe ta. Sai da rana ta take ta farka, ta yi miƙa, ta tsaya cak. Tun safe Kafinta bai buga ko ƙusa ɗaya ba.

"Kai, malalaci," ta ce da cikin, tana ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Don an rufe shagona sai ka rufe naka?"

Shiru. Ta sha ruwan sanyi, ta ci ayaba, ta juya gefen hagu ta ɗora tafin hannu, ta kasa kunne da jikinta duka. Can ta ji wani abu kaɗan, kamar kifi ya juya a ƙasan ruwa. Ko hanjinta ne ma? Ba ta sani ba.

"Barci yake," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "In sun kusa fitowa haka suke lafawa. Ki bari zuwa gobe."

Idon Tela ya sauka kan akwatin da ke ƙarƙashin tebur. A can ƙasansa akwai 'yan riguna da ta ɗinka wa ɗanta na fari, har yau da gugarsu, ba wanda ya taɓa sa su.

"Wancan ma haka aka ce mini, Gwaggo. Na bari zuwa gobe."

Gwaggo ta juya da sauri. Ta ajiye tiren shinkafar, ta ɗauko wa Tela mayafi, ta kira Dogo a waya da kanta.

Ya zo da motar burodin, rabin kaya bai sauke ba. Tela a gaba, Gwaggo a baya tsakanin burodi tana salati duk ramin da suka faɗa. A asibiti nas ta kwantar da ita, ta shafa mata abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar jin bugun zuciya. Shuuu. Ta matsa gefe. Shuuu. Tela ta rufe ido, ta damƙe ƙarfen gadon.

Sai ga shi: taka-taka-taka-taka, da sauri, daidai da kekenta in ta samu miƙaƙƙen ɗinki. Ƙarar ta cika ɗakin. Kafinta ya ji an buɗe shago, ya kai wa na'urar wani naushi har hannun nas ya goce.

"Kai, ɗan nema!" in ji nas. Tela na dariya, hawaye na gangara mata cikin kunne.

Ba su sallame ta ba sai da suka daɗe suna sauraro, suka auna jininta. Da aka ba nas labarin keke, ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska.

"Kin kyauta da kika zo. Gobe ma in ya yi shiru, da keke ko ba keke, ki taho. Amma ƙafar nan tana kan filo."

Dogo ya zaro bel daga aljihu kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

"To wa zai riƙa taka masa?" in ji Tela.

Mata ukun suka juyo suka dubi Dogo.

Tun daga ranar, duk yamma in ya dawo, sai ya naɗe dogayen ƙafafunsa ƙarƙashin keken, gwiwa na bugun katako, ya yi ta takawa. Tela na kwance ta gefen hagu, ƙafa kan filo, hannu kan ciki, tana ba da umarni.

"Ƙara wuta, Dogo, ya ce bai ji ba."

Gwaggo ta ce bai kamata a taka keke a banza ba, ta tura masa tsumma. Kafin Kafinta ya iso duniya da ihunsa, ubansa ya ɗinka masa zanen goyo guda, karkatacce kamar hanyar maciji. Da shi Tela ta fara goya shi.