Gindin Mangwaron Siman

Siman ya rasu ranar Talata da hantsi yana ƙarƙashin horo, kuma a cocinmu na Gangaren Tudu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar da muka tarar ita ce, duk wanda ya mutu dattawa ba su ɗage masa horo ba, gawarsa ba ta shiga majami'a. A yi masa gajeriyar addu'a a ƙofar gida, a sa shi a mota, a wuce da shi ƙauye. Babu wannan a Littafi Mai Tsarki; na duba tun ina da idon dubawa. Amma mutanenmu sun fi tsoron dokar da ba a rubuta ba.

Laifinsa burkutu ne. Wata Kirsimeti da daɗewa ya shigo sujada ya sha ya yi tatil, ya miƙe tsaye yana gyara wa mawaƙa murya. Dattawa suka ce ya koma bencin baya har sai ya tsaya gaban jama'a ya tuba. Ya zauna sau ɗaya, bai sake taka ƙofar ba. Amma kowace Lahadi shi yake ɗauko matarsa Dokas a mashin, ya sauke ta, ya jingina mashin ɗin da mangwaron da ke harabar coci, ya zauna a kan saiwa har a tashi. Lasifika tana kaiwa can. Wasu sun ce wa'azi yake saurara. Wasu sun ce inuwa kawai yake sha, don gidan burkutu ba ya buɗewa sai rana ta yi. Babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Dokas ita ce mai buga tulun kiɗa in ana waƙa a Zumuntan Mata, ba ta taɓa fashin sujada ba. Abu ɗaya take so: a shigar da mijinta ciki, a ajiye akwatinsa gaban bagade kamar na kowa, kafin a kai shi ƙauyensu, Garaku.

Akwai ƙofa ɗaya da dokar ta bari. In wani ya shaida cewa mamacin ya tuba da bakinsa kafin ya cika, dattawa sukan karɓa. Saboda haka washegari, muna zaune da ita a kan tabarma, shugabar zumuntarmu Caroline ta matso kusa ta rage murya.

"Dokas, ki saurare ni. Gobe in sun tambaye ki, ki ce ya kira sunan Yesu ya nemi gafara. Shi ke nan, magana ta ƙare."

"Bai kira ba, Mama."

"To me ya ce?"

"Ya ce in ba shi ruwa. Ya sha. Sai ya ce an ɗaure akuya kuwa?"

"Akuya!" Caroline ta tafa hannu. "Mutum yana bakin kabari yana tambayar akuya. Ke dai ki gyara masa zancen. Wa zai ƙaryata ki? Ku biyu ne kawai a ɗakin."

"Mu uku ne," in ji Dokas.

"Da wa?"

"Wanda muke waƙa kullum cewa ba ya barci, ba ya gyangyaɗi. Ko in an zo wurin akuya yakan fita waje?"

Caroline ta dube ni don in sa baki. Na kau da kai.

Ranar Alhamis na raka ta ɗakin dattawa, don gwauruwa ba ta zuwa ita kaɗai. Fasto Jonatan yana zaune, matashi ne, bai daɗe da zuwa wurinmu ba. Amma mai riƙe da magana shi ne Baba Wilson, babban dattijo, wanda ya yi aikin gwamnati a Abuja har ya yi ritaya, ya dawo da son bin ƙa'ida.

"Ki yi haƙuri, 'yata," in ji Wilson. "Tambaya ɗaya ce. Ya tuba?"

"Ban ji ba, Baba."

"Ko da kalma ɗaya?"

Ta faɗa musu ruwan, ta faɗa musu akuyar. Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Wilson ya jinjina kai. "To, ba a ɓoye wa Allah kome. Ya san Siman ciki da bai, ya san inda yake yanzu."

"Shi ya sani, Wilson," na ce. "Ya gaya maka ne?"

"Mama, ba haka nake nufi ba."

Na lura tun ina yarinya cewa in mutum ya ce Allah ya san wane, yawanci yana nufin Allah ya yarda da abin da shi ya riga ya yanke.

Fasto ya gyara zama. Ya ce Nassi ya koya mana cewa tun kafin magana ta hau harshe Ubangiji ya riga ya san ta, kuma mutum fuska yake gani, Allah kuwa zuciya. Mai yiwuwa Siman ya faɗi abin da bai kai kunnen matarsa ba.

"Mai yiwuwa," in ji Wilson. "Amma Fasto, mu ba mu da irin wannan kunnen. Da abin da muka ji muke aiki. In muka buɗe wa 'mai yiwuwa' ƙofa yau, gobe me za mu ce wa samarin da ke bencin baya? Ku ci gaba da sha, in kun mutu za mu yi muku zato mai kyau?"

Ba maganar banza ya yi ba, kuma kowa a ɗakin ya sani. Fasto ya sunkuyar da kai, na gane an gama: gawa ba za ta shiga ba.

Dokas ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Baba, dokar ta kai gindin mangwaro?"

"Kamar yaya?"

"Wurin da yake zama. An hana shi can ma?"

Wilson ya yi tunani, domin mutum ne da ba ya ƙara wa doka abin da ba ta ce ba. "Majami'a aka ce. Mangwaro ba majami'a ba ne."

"To motar ta tsaya can kaɗan, a yi addu'ar a wurin maimakon ƙofar gida. Iyakar roƙona ke nan."

Aka amince.

Ranar Juma'a da safe motar ta shigo haraba, aka sauke akwatin a kan saiwar nan. Ba a yi sanarwa ba, amma mata suka zo da ankon zumunta, wanda a ƙa'ida ba a sa wa mai horo. Caroline ta ce ba don Siman ta sa ba, sauran kayanta ne ba su bushe ba. Ta shiga ciki ta ɗauko tulun da kanta ta ce yau ita za ta buga, mai shi ta huta. Tsofaffi ba sa iya doguwar tsayuwa, sai aka fito mana da benci. Daga benci ɗaya aka koma ɗauko wani, har majami'ar ta zama fayau. Gajeriyar addu'a ta zama sujada sosai, da waƙa da wa'azi.

Fasto bai ce Siman yana sama ba, bai ce yana wani wuri ba. Ya ce akwai wanda ya san abin da ya zaunar da mutumin nan a wannan wuri kowace Lahadi, kuma ba ya cikin dattawa.

Wilson ya tsaya a bakin ƙofar majami'a, hannuwa a baya, kamar mai gadin abin da babu wanda ya nemi ɗauka. Rana ta yi zafi. Can sai ya tako ya tsaya a gefen inuwar. Da aka zo ɗaga akwatin, aka rasa mutum ɗaya, sai Wilson ya kama.

A hanyar Garaku ina kusa da Dokas a mota. Na ce mata ai ta samu fiye da abin da ta roƙa.

"A'a, Mama. Ciki na so, kuma har yanzu ciki nake so." Ta dubi gonakin doya da muke wucewa. "Amma da na shigar da shi da ƙarya, da kowace Lahadi in na ɗaga kai zan tuna akwai wanda ya ji abin da aka faɗa a ɗakin da ya cika."

Sannan ta ƙara da cewa, "Akuyar ma ban ɗaure ba. Na ce masa na ɗaure don hankalinsa ya kwanta. Wannan ƙarya ɗaya ta ishe ni."