Gidan Kwali na Baba Kolo

Reza ta zame ta tsaga mata babban yatsa, amma Safiya ko wash ba ta ce ba. Ta tsotse jinin ta tofar a magudana, ta ɗaure wurin da ƙyalle, ta koma kan layin da ta ja a jikin kwalin. Tun da hantsi take zaune a tsakar gidan hayarsu na Gwammaja, kwalayen taliya da na sabulu baje a gabanta, ga kwanon kokon rogo da ta dama don liƙi, ƙudaje sai shawagi suke a kansa. A jikin buta ta jingina wani tsohon hoto baƙi da fari wanda gefensa ya cinye. Ita ce a ciki da yayanta Hashim, suna yara, sun durƙusa a gaban wani ɗan gida na kwali suna washe baki.

Mahaifinsu Baba Kolo ne ya yi musu gidan. Babarbare ne da kakanninsa suka zauna a Ƙofar Na'isa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano. Sana'arsa tadarishi, wato bangon kwali da fata da ake rufe Alƙur'ani rubutun hannu da shi. Da ragowar kwalin aikinsa ya zauna ya fitar da gidansu sak: zaure, shagon samari a gefensa, ɗakin Inna da rumfarsa, rijiya ta gwangwanin madara har da gugar murfin kwalba. Rufin ɗagawa ake yi a leƙa ciki. Yaran unguwa har roƙo suke a bar su su taɓa, kuma babu 'yar tsanar da aka aurar a lungun nan ba a kai ta tarewa cikinsa ba. Da suka girma Inna ta ɗora shi a saman sif ɗinta. Ya fi shekara talatin a wurin, duk jajiberin salla sai ta sauke shi ta kaɗe.

Katafila ce ta haɗa shi da sif ɗin ta niƙe.

Shekara uku ke nan. Baba Kolo tun yana raye ya mallaka wa matarsa Inna Aisa gidan. Tana kwance a asibiti, hawan jini ya kayar da ita, Hashim ya zo da wasu takardu ya ce na magani ne, ya kama yatsanta ya dangwala. Kafin a sallame ta an rushe gidan da aka kai ta tana amarya, inda ta yi haihuwarta duka, inda aka wanke gawar mijinta. Yanzu jerin shaguna ne a wurin, ana sayar da waya da caja. Shi kuwa gogan ya tare a sabon gida can bayan gari, mai get da maigadi, ya ce matarsa ba ta iya jinya ba. Safiya ce ta ɗauko tsohuwar ta ba ta ɗaki ɗaya a cikin biyun da suke haya.

Shekarar farko kullum Inna tana bakin ƙofa da ƙunshin kayanta, a kai ta gida. Ta yi kuka har idonta ya ƙafe. Daga nan mantuwa ta fara cin ta. Ta manta gidan, ta manta takardun, wani lokacin ma da sunan ƙanwarta da ta rasu take kiran Safiya. Sai ta daina kuka, ta koma cin abinci, tana zama a tabarma tana yi wa kaji murmushi. To ga shi Hashim, wanda rabonsa da tako gidan nan an doshi shekara biyu, ya aiko wai ranar Juma'a zai zo ban kwana. Aikin Hajji zai tafi, yana neman gafarar mahaifiyarsa kamar yadda kowane maniyyaci yake yi.

Mijinta Malam Mika'il ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, ya jingina babur, ya tsaya yana kallon tarkacen.

"Wai da gaske kike abin nan?"

"Da wasa ka ga na yanke hannu?"

"Safiya, baiwar Allahn nan ta samu lafiyar zuciyarta. Likita ma cewa ya yi kada a riƙa tuna mata abin da zai tayar mata da hankali."

"Malam, jiya mai gawayi ya taka mata ƙafa, kafin ya buɗe baki ta ce ta yafe. Haka za ta yi wa Yaya. Ya zo ya durƙusa minti biyu, ta ce ta yafe duniya da lahira, ya kaɗe rigarsa ya hau jirgi, an wanke shi tas." Ta ɗago ta dube shi. "Wallahi ba zai tafi da yafiyar wadda ba ta san abin da ta yafe ba. Sai ta tuna. In ta tuna ta yafe, ruwanta. Ni dai Allah ya isa nake so in ji daga bakinta, a gaban shaidu."

Malam Mika'il ya girgiza kai. Ya ɗauki wata butar ya nufi bayan gida.

* * *

Kwana huɗu ta yi a kan aikin, tana yi sa'ad da Inna take ɗaki ko take barcin rana. Ashe hannunta bai manta ba. Baba Kolo ba ya karya kwali, da bayan wuƙa yake bin layin a hankali har ya lanƙwashe da kansa. Ba ya kuma yarda da liƙi kaɗai, kowace kusurwa sai ya ɗinke ta da basilla. Haka ta bi. Bangon zaure sau uku tana warware shi, don a hoton ya ɗan karkata, ita kuma nata ya cika miƙewa. Ƙyauren ɗakin Inna na kwalin ashana ne, sai da ta zagaya shago huɗu kafin ta samu mai kaurin da take so. Duk ɗinkin da za ta soka, fuskar Hashim take gani, ta ƙara danna basillar.

Ran Laraba ta hau adaidaita zuwa Ƙofar Na'isa. Ba ta kalli shagunan ba. Ta zagaya ta bayansu, inda wani guntun katangar gidansu ya rage ana zubar da shara a gindinsa. Ta tsuguna ta ɓanɓaro jar ƙasar ta cika leda. Wani mai shago ya leƙo yana tambayar ko lafiya, Hajiya. Ta ce ƙasar ubanta take ɗiba, ko ita ma ta sayarwa ce? Mutumin ya mayar da kansa ciki.

Da ta koma gida ta kwaɓa ƙasar da ƙaro ta shafe bangon gidan kwalin duka. Da ya fara shan iska, warin jiƙaƙƙiyar katanga ya tashi, irin na ranar da aka yi ruwan fari. Nan ne kaɗai ta yi kuka, shi ma ba da yawa ba, don ba ta da lokacinsa.

Abu ɗaya ta bari da gangan. A gefen zaure, inda shagon Hashim yake a hoto, ba ta gina komai ba. Ta shafe wurin da ƙasa sumul. A gidan da ta gina da hannunta Baba Kolo bai haifi ɗa namiji ba, kuma duk sa'ad da ta kalli filin nan sai ta ji sanyi a ranta. Ta lulluɓe gidan da tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado.

* * *

Bayan la'asar ran Juma'a mota ta tsaya a bakin lungu. Hashim ya yi sallama ya shigo cikin farar shadda tana ƙara, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. A bayansa Kawu Ilu ne, ƙanen Inna, wanda ya ɗauko don ya zama shaida. Safiya ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ta gaishe su a taƙaice.

Hashim ya tattare rigarsa ya durƙusa. Inna tana kallonsa da murmushin da take yi wa kowane baƙo.

"Yaya Aisa," in ji Kawu Ilu, "ga ɗanki Hashimu. Allah ya kira shi ɗakinsa, jibi za su tashi. Ya zo ki sa masa albarka, in akwai abin da ya yi miki, ki yafe masa."

"Ayya, bawan Allah," in ji Inna. "Ai ni babu..."

"Dakata, Inna." Safiya ce ta fito daga ɗaki da abu a hannu. Ta ajiye shi a tsakaninsu, ta yaye zanin.

Hashim ya ja da baya kamar an ajiye masa garwashi. Kawu Ilu ya yi salati a hankali.

Inna ta ƙura wa gidan kwalin ido. Can ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta kai yatsun hancinta ta shinshina. Ta sa babban yatsa a ƙarƙashin indararo ta ɗaga rufin, yadda ta saba duk jajiberin salla, ba tare da an nuna mata ba. Murmushin ya ɓace daga fuskarta. Idanunta, da suka shekara biyu suna yawo ba sa sauka a kan komai, suka tsaya cak.

"Ga rijiya," ta ce. "Ga inda nake shanya kuka. Nan aka kwantar da gawar babanku."

"Inna, ina gidan nan yake yanzu?" in ji Safiya. "Ga Yaya nan, tambaye shi. Tambaye shi takardar da ya kai miki asibiti."

"Safiya, ki ji tsoron Allah," in ji Hashim, gumi yana bin gefen hularsa.

"Au, yau ka san da shi?"

Inna ba ta ji su ba. Yatsanta yana bin katanga, ya wuce zaure, ya tsaya a filin nan da aka shafe. Ta laluba, ta sake lalubawa.

"Ina shagon Hashimu?"

Safiya ta ce, "Babu, Inna. Ba shi da ɗaki a gidan nan."

"To a ina yaron zai kwana? Damina ce fa."

Inna ta kama rumfar ɗakinta, ta ja har ɗinkin ya tsinke. Ta jingina guntun kwalin a gefen zaure, ta gyara masa zama, ta danna gindinsa don kada ya faɗi. Safiya ta ji kamar a ƙirjinta aka tsinke zaren. Kwana huɗu tana gini don ta ji tsinuwa, ga abin da ta samu.

Sai Inna ta ɗago ta dubi mutumin da yake durƙushe a gabanta, ta gane shi.

"Hashimu. Ka zo?" Ta damƙe hannun rigarsa. "Da mota ka zo? Tashi ka kai ni gida. Na daɗe a gidan mutane."

"Inna, ki yafe mini," in ji Hashim. "Don Allah ki ce kin yafe mini, tafiya zan yi."

"Me ka yi?"

Ya kalli Kawu Ilu. Kawu Ilu ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Ba a irin wannan magana a gidan mutane," in ji Inna, tana shafa masa kafaɗa. "Mu je gida tukuna. In zauna a ɗakina, ka faɗa mini abin da ka yi, sai in yafe maka. Tashi mana. Safiya, miƙo mini takalmina."

Ya roƙa, ya sake roƙo, har da hawaye. Amsarta ɗaya ce, sai an je gida. Daga ƙarshe ya ɓanɓare yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai je ya juyo da motar. Ya fita bai ko tsaya sa takalmi daidai ba, shatin jar ƙasa a hannun farar shaddarsa. Kawu Ilu ya miƙe da ƙyar, ya dubi Safiya, ya ce, "To, kin samu." Ya bi bayansa.

Ta samu kuwa. Ya tafi babu yafiya, kuma babu ɗakin da zai kai ta ta yafe masa har duniya ta naɗe. Daɗi ya cika ta, har ta ji tana son yin guɗa. Daɗin bai wuce ɓacewar ƙarar motar ba, don da ta juyo sai ta ga Inna ta baje ɗankwali a ƙasa tana ƙulle kayanta a ciki.

* * *

Ran Lahadi jirgin su Hashim ya tashi. Malam Mika'il bai ce mata komai ba, ko "na faɗa miki" bai ce ba, ita kuwa da ya faɗa da ya fi mata sauƙi.

Inna tana zaune a dokin ƙofa tun da aka idar da sallar asuba, mayafi a kafaɗa, takalmi a ƙafa, ƙunshin kayanta a gefe. Gidan kwalin yana kan cinyarta, ta tokare guntun rumfar da yatsa ɗaya don iska tana kayar da shi. Kaji sun kewaye ta, ba ta kalle su ba. Kwana biyu ke nan ko kunu ta ƙi sha, ta ce sai ta je gida.

Safiya ta tsuguna a gabanta da kwanon tuwon da ta ɗumama sau biyu.

"Inna, ko loma ɗaya."

Wata mota ta rage gudu a bakin lungu. Inna ta gyara mayafinta, ta fara laluben ƙunshin.

"Leƙa ki gani," ta ce. "Shi ne?"